Zoɓon da Na Ɓoye a Kumatu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na hau Bikili, ko da kuwa na tsufa haƙorana duk sun zube. Bikili dokin Bappana ne, ƙanen babanmu da ke zaune a Tumfure. Shekara biyu cur Bappa ya yi yana koya masa takama, tafiyar nan mai laushi da za ka ji kamar a kan katifa ake jan ka. Masu dawakin unguwar sukan shirya gasar kilisa a wani fili bayan gonaki, kuma bara ne Bappa ya ci alwashin rufe bakin abokansa da ke kiran Bikili dokin amalanke. Ana saura kwana uku a yi gasar, ciwon baya ya kwantar da shi.

Ni kuwa na daɗe ina cika baki a makaranta cewa a kan sirdi aka yanke mini cibiya (gaskiyar magana hawana bai wuce biyar ba, biyu ma ana riƙe mini da linzami). Da Bappa ya rasa mahayi, sai ya kira ni.

"Kai dai zauna kamar buhun masara," in ji shi. "Dokin ya san aikinsa. Kada ka taimake shi."

Na ce, "Bappa, ka ɗauka an gama."

Har Chidi na gayyato, abokina ɗan mai shagon kayan gyaran babur a Nasarawo, don ya ɗauke ni a waya 'yan ajinmu su gani.

Alƙalin gasar wani dattijo ne cikin farar babbar riga, fara tas har tana kashe ido. Ya karanto dokoki: ba sukuwa, ba sassarfa, takama kawai. Ba bulala, ba ƙaimi. Linzami sako-sako a hannun hagu, bayan mahayi a miƙe. A hannun dama kuma kofi cike da zoɓo har baki. Zagaye uku za a yi, sannan a jeru a gabansa. Wanda zoɓonsa bai zube ba, dokinsa ne ya fi iya tafiya.

Muka tashi mu bakwai. A zagaye na biyu, daidai inda itatuwan dalbejiya suka kare mu daga idon jama'a, sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda Shaiɗan kansa zai ji kunyar kawowa. Na ce ai abin da ke cikin baki ba ya zubewa. Na kafa kai na zuƙe rabin kofin na riƙe a kumatu, da niyyar idan mun sake zagayowa wurin in mayar da shi.

Abu biyu ne ban lissafa ba. Na farko, wadda ta haɗa zoɓon nan ta zuba citta kamar tana da gaba da ni. Na biyu, kafin mu zagayo, mataimakin alƙali ya koma ƙarƙashin itatuwan nan ya tsaya shan inuwa, idonsa ƙur a kanmu.

Bikili kuwa, bawan Allah, tafe yake kamar ruwa a kwata. Ragowar zoɓon ko motsi ba ya yi. A nan na gane da ban taɓa kofin ba, ɗigo ɗaya ba zai zuba ba.

Muka jeru. Kumatuna kamar na biri ya shiga gonar gyaɗa, hawaye na bin fuskata. In haɗiye, a ga rabin kofi a ce Bikili ne ya zubar, shekara biyun Bappa ta tafi a banza. In mayar, ga idon duniya. Can na hango Bappa a kan kujerar roba, an tokare masa baya da matashi, yana murmushi yana nuna ni ga abokansa.

Alƙali ya iso gabana. "Sannu ɗan samari. Dokin wa ke nan?"

Shiru.

"Ikon Allah. A gidanku ba a amsa wa manya?"

Na gyaɗa kai, na kuma girgiza shi. Ya leƙa kofin, ya duba hannun rigata, ya duba wuyan doki, babu jan ɗigo ko ɗaya. Ya matso daf da ni. "To ina sauran ya shiga?"

Sai Chidi ya ƙwala daga cikin mutane, "Baba, a duba tanki!"

Dariya ta taho mini, citta ta hau hanci. Fuuu! Daga hular dattijon nan har aljihun gaban rigarsa, kamar an yanka rago a ƙirjinsa. (Chidi ya rantse har kan takalmi ya kai. Na kalli bidiyon sau ɗaya, ban musa ba.)

Filin ya fashe da dariya. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage, amma daga kan doki ƙasar ma ta yi mini nisa.

Dattijon ya share gemunsa a hankali, ya juya ga jama'a ya ce, "A yau ban ga dokin da ya kai wannan takama ba. Amma doka ta ce doki da mahayi ake aunawa tare. Doki ya ci, jakin da ke kansa ya faɗi."

Aka ba wani kyautar. Abokan Bappa suka daina cewa dokin amalanke, suka koma tambayarsa lafiyar jakinsa. A keke mai ƙafa uku muka koma gida ni da Bappa. Da zai sauka ne ya miƙo mini leda, babbar rigar alƙali a ciki.

"Tunda kana son taimako," ya ce, "ga inda ake buƙata."

Kwana biyu ina dirzar rigar nan, na kai wa alƙali har gida na durƙusa. A makaranta kuwa sunana Tanki har yau, malamin lissafi ma haka yake kira na.

Yanzu idan aka ce in zauna kamar buhun masara, zama nake yi. Buhu dai ban taɓa jin ya yi dabara ta watsa shi a gaban mutane ba.