Nomau da Allon Lantarki

A Tudun Kanya akwai wani mutum ana ce masa Nomau, gidansa daga shi sai matarsa Tasalla. Nomau ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Cutarsa ɗaya: abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da ƙyar yayan Tasalla ya samo masa aikin shara a firamaren garin, ya kuma rantse in aka kore shi ba zai sake kai bakinsa wurin kowa ba. Ana nan sai aka kawo wa makarantar allon lantarki, irin wanda ake rubutu a kansa da yatsa, ya nuna hoto, har ya yi magana.

Wata rana hedimasta, Malam Garzali, zai tafi taro birni, ya ce, "Nomau, kada ka bar kowa ya taɓa allon nan sai na dawo." Malama Hanne ta shigo za ta koyar da lissafi, ta tarar da Nomau ya gicciya tsintsiya a gaban allo.

"Baba Nomau, matsa mana, darasi zan yi."

"Malama, kowa aka ce. Ni kaina ban taɓa ba."

Ta yi lallami, ta yi faɗa, ko gezau. Yara dai gaba ta kai su, suka wuni suna 'yar carafke. Da hedimasta ya dawo ya ji, ya ce wannan gargaɗi na farko ke nan.

Wata rana kuma Malama Hanne ta manta ba ta kashe allon ba, ta ce, "Baba Nomau, ka goge allo, gobe in tarar da shi fari tas." Nomau ya sa tsumma ya yi ta dirza har gumi ya jiƙa masa riga, rubutu na nan daram, don a cikin allon yake. Ya je gida ya karɓo ragowar koko wurin Tasalla, ya manne fuskar allon kaf da fararen takardu. Da safe allo ya yi fari kam, amma tururuwar garin duk ta hallara a kansa. Hedimasta ya rubuta takardar sallama ya ajiye a aljihu, ya ce saura kuskure ɗaya. Ranar nan Tasalla kuka ta yi.

Wata rana aka aiko cewa sufeto zai zo, kuma duk makarantar da ba ta amfani da allonta za a ɗauke shi. Ga shi ranar kasuwa ce, rabin yara suna can. Hedimasta ya ce, "Nomau, ruga kasuwa! Kada in ga benci ɗaya babu mutum." Yara yake nufi, amma bai ce yara ba. Nomau ya kwaso masu daddawa, da wanzami, da tsofaffi biyar daga gindin rumfa, har da Tasalla, ya jera su. Hedimasta ya shigo da sufeto, ya ga furfura benci-benci. Hannunsa ya kai aljihun da takardar sallama take.

Sai wata tsohuwa, Iya Talle, ta ce wa Malama Hanne, "'Yar nan, wai da gaske da yatsa ake rubutu?" Malama Hanne ta kama mata yatsa, suka rubuta sunanta. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Shekara saba'in ban taɓa ganin sunana ba!" Nan layi ya kafu har ƙofa.

Sufeto ya ce, "Makaranta tara na zaga, allunansu suna cikin leda. Ku har iyaye kuke koyarwa? Allonku ya zauna."

Da ya tafi, hedimasta ya yayyaga takardar, ya ce, "Nomau, aikinka na nan. Amma daga yau duk abin da na ce maka, ka tsaya ka yi tunani tukuna."

Washegari ya ce masa ya share aji. Azahar ta yi, ya same shi zaune a gindin darbejiya, ya yi tagumi, tsintsiya a cinya.

"Nomau, ina sharar?"

"Ranka ya daɗe, tunanin nake."