Ranar da Na Tafi Neman Aikin da Ba Ya Yankewa

Lokacin garinmu Ƙaura Namoda na cikin jihar Sakkwato, na yanke shawarar zama nas. Kawuna, direban babbar mota a garin, ya ce ya san makarantar da ta fi kowace. "Ɗana, tun ba ka ƙare ba aiki na jiranka. Daga Shinkafi har Zurmi neman ɗalibanta akai ruwa a jallo."

Ban tambaye shi komai ba. Ni da na gama sakandare, me direba zai ƙara mini? Na ɗinka farin wando, na bi gida gida ina sallama, har ina duba idon tsofaffi kyauta.

Ranar intabiyu na iske layi, mata zalla. Na ce a raina, lallai mazan bana ragwaye ne. Na gyara kwala na shiga tsakiyarsu, suna ta rufe baki da gyale. Na ɗauka kwarjinina ne.

Maigadi ya matso a hankali. "Samari, wacce ce ƙanwar taka?"

"Ni ne ɗalibin, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Nan makarantar ungozoma ce. Haihuwar wa za ka karɓa?"

Kafin in dawo Ƙaura, labari ya riga ni. Kawu kuwa cewa ya yi, ai bai yi ƙarya ba, aikin ba ya yankewa.

Daga baya na zama nas ɗin, har na yi furfura. Amma yau ko akuya ta fara naƙuda a unguwarmu, sai an aiko a ce Ungozoma ya taho.