Rasuwar Rufin Da Wuta Ta Ji Kunyarsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har bakinta, ni Jalo Aƙilu na Tudun Wada, tsohon mai ban ruwan fulawa a GRA, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rufin ɗakina, wanda aka fi sani da Asbesto. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da tara yana bisa kanmu.

Marigayin ɗan babban gida ne. A gidan da nake aiki aka sauke shi za a zubar, na roƙa aka ba ni, na turo shi a amalanke, falle goma sha ɗaya. Na ji an ce daga cikin dutse ake haƙo kakanninsa, siri-siri kamar gashi, kuma na daɗe ina mamakin yadda dutse yake da gashi. Da ya fi ƙarfin ɗakina, ni na yanka shi da zarto a tsakar gida. Farin gari ya yi ta zuba kamar ana tankaɗe. Matata Halimatu Sadiya ta share, ta kakkaɓe rigata, ta wanke.

Mai sanyin hali ne. A watan da zafin Gombe ke korar masu rufin kwano zuwa gindin bishiya, mu muna ciki muna ƙailula. Ba shi da surutu. In ruwa ya sauko, iyakarsa tib-tib-tib, kamar ana lallaɓa jariri. Da tsakar rana yakan ce ƙas, sau ɗaya, ya yi shiru.

Babbar baiwarsa ita ce wuta ba ta cinsa. Na ɗora guntunsa a kan garwashi tun azahar har la'asar, ya yi baƙi amma bai kama ba. Na ce abin da wuta ta ji kunyarsa ba zai cuci ɗan Adam ba. Saboda haka na yayyanka ragowar, na raba wa mutanen da nake ƙauna. Mafi kyau na ba Halimatu tana gashi a kansa. Kowace safiya takan kankare shi da wuƙa a bushe, ta sunkuya ta hure garin da bakinta. Takan ce, "Malam, kai da tsince-tsincenka, wata rana sai ka kawo mana aljani a buhu." Muka yi ta dariya.

Ya bar ƙadangaru da yawa, da 'ya'ya bakwai a gidajen mutane. Akwai na wajen Barira mai gasa masara a bakin titi. Akwai na shagon Alfred tela, wanda yake ɗora dutsen guga a kai. Biyu ban san inda suke ba yanzu, kuma wannan na hana ni cin abinci.

Jinyarsa ta yi tsawo. Gefensa ya fara marmashewa, gari na sauka a kan gado. A daidai lokacin Halimatu ta kama tari. An yi wata shida ana ba ta maganin tibi, wato tarin fuka, tana ramewa. Daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta huta sau biyu. Da aka zuƙe mata ruwa a ƙirji, likita ya dube ni ya ce, "Baba, wane irin rufi ne a gidanku?" Na gyara zama na ba shi labarin marigayin da alfahari, har da zancen kankarewar. Ya ajiye alƙalaminsa.

Ya ce cikin farin garin nan akwai zare da ido ba ya gani. In ya shiga huhu ba ya fita, ba ya ruɓewa. Yakan kwanta shekara talatin ko fiye, sannan ya tashi da ciwon daji. Na ce ai ni na yanka, a duba ni. Aka duba, ba a ga kome ba tukuna. Da na gaya wa Halimatu, ta ja numfashi ta ce, "To, Malam, ai mun sha sanyinsa."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Masu aikin za su zo da takunkumi a fuska. Za su jiƙa shi sharkaf, su sauke shi falle-falle ba tare da an fasa ko ɗaya ba, su naɗe shi cikin leda mai kauri ninki biyu, a binne shi a rami mai zurfi, inda ba mai haƙawa. Ba a buƙatar rakiya. Maƙwabta su rufe tagogi. Duk wanda ɗan marigayin yake hannunsa, don Allah kada ya kankare, kada ya karya. Ya jiƙa, ya ƙulle a leda, ya aiko a haɗa su rami ɗaya.

Abin da ya rage na gawar yana ƙirjin Halimatu, kuma likita ya ce babu hannun da zai kai wurin. Tana unguwar Barunde, gidan 'yarmu Nana Hauwa. Mai zuwa dubiya ya yi sallama, ya gaishe ta sau ɗaya. Kada ya jira ta amsa.