Rasuwar Kwamfutar da Ta Farka a Cikin Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa takaici ne, ni Malam Mati na Gidan Kawu, yamma da Tsanyawa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutar gidana. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a cikin rumbuna, bayan gajeren zazzaɓi da ita ta jawo wa kanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba don ita na karanta ba, don abin da ta tafi da shi ne.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekara uku da suka wuce. 'Yata Asiya, malamar makaranta, ita ta bar mini ita da aka mayar da aikinta Gezawa. Da tsufanta ta zo, gefe ɗaya ɗaure da salatif. Da Asiya ta ga idona ba ya gane wurin kunnawa, ga shi ina wasa da maganin hawan jini, sai ta shiga cikinta ta ɗaura mata lokaci. Tun daga ranar, in bakwai na safe ta yi ba sai an taɓa ta ba. Da kanta za ta farka, ta yi huci fuuu kamar tsohon jaki a kan tudu, ta yi tilin-lin, sannan muryar Asiya ta fito: “Baba, ina kwana. A sha magani.” Daga nan ta saki shirye-shiryen noma da aka zuba mata, kuma ba ta yin shiru sai an kashe ta.

Zan faɗi alherinta, tunda haka ake yi wa mamaci. Ba ta taɓa makara ba. Ranar kasuwa ta farka, ranar salla ta farka. Washegarin da muka binne yayana, zaure cike da masu gaisuwa, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ta ce a sha magani. Tun a ranar ya kamata in gane halinta. Ta san lokaci, amma ba ta san wuri ba, ba ta kuma san mutane ba.

Ga yadda ciwon ajalin ya faro. Kowa ya san irin shekarun da muke ciki, an kai ga kwance akuya a turke da rana tsaka. A shagon Sabo mai cajin waya, inda ake ba marigayiya abincinta, an kwashe wayoyin mutane sau biyu. To, tafiya ta kama ni zuwa Minjibir ɗaurin aure, kwana uku. Ranar Talata na sa Sabo ya cika ta da caji, na kashe ta da hannuna, na naɗe ta a bargo, na sa a buhu. Na ɗaga jinkar rumbu na kwantar da ita a tsakiyar damman iri. A gidan nan tun zamanin kakana, ba mai buɗe rumbu sai maigida. Mace ba ta buɗewa, ɗa ba ya buɗewa, balle maƙwabci. Ban gaya wa kowa ba. A tunanina abin da aka kashe ba ya farkawa.

Dami huɗu ne kaɗai a rumbun, kuma ba na ci ba ne. Geron mahaifina ne, wanda ke nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri, ni na zaɓe shi zangarniya-zangarniya. Garin kwaki muka yi ta sha duk bazarar nan don kada a taɓa shi. Shekara da shekaru maƙwabcina Sama'ilu yana roƙon in sam masa ko mudu ɗaya, ina hana shi.

Laraba da bakwai, cikin bargo, cikin buhu, cikin zafin bazara, wannan marar tunani ta farka. Mai ɗakina Maijidda tana shara ta ji 'yarta tana gaisuwa daga cikin rumbu. Da ta gama salati ta gane ko wace ce, sai ta ƙyale ta da surutunta. Can wajen tara ta fara jin ƙaurin roba. Ta kira Sama'ilu, ya zo da bokiti biyu, ya tsaya a gindin rumbu ya buga mini waya. Ya ce, “Malam Mati, rumbunka na hayaƙi. Mu ɗaga jinka?”

Ba zan ɓoye amsar da na ba shi ba, tunda rabin gari ya riga ya ji. Na ɗauka wata dabara ce ta leƙa irina. Na ce masa hayaƙin murhu ne, duk wanda ya taɓa mini jinka mu haɗu a gaban dagaci. Na kashe waya na koma cin shinkafar biki. Suka tsaya suna kallo, har wuta ta huda jinka da kanta. Waɗanda suka halarci cikawarta sun shaida cewa har muryarta ta narke tana bayanin tazarar da ake bari tsakanin shuka.

Da na kai ƙara wurin Asiya, cewa ta yi ai marigayiya abin da aka sa ta ta yi, ba ta san a rumbu take ba. Na ce to shi ne abin da nake faɗa. Maijidda kuwa magana ɗaya ta yi da ta ajiye mini tuwo: “Malam, ita dai ba ta da hanci. Kai kuma an kira ka.” Na jawo kwanon tuwo, ina ganin ba lokacin musu ba ne.

Marigayiya ta bar caja ɗaya, wadda ba ta shiga bakin komai a garin nan. Ta bar jaka mai yagaggen zif, da rabin bargo, da rumbu marar kai. Ta bar gona gyararriya, an kai taki, ga hadari yana haɗuwa kullum da la'asar, babu ƙwayar da za a jefa a rami.

Ba za a yi mata wanka ba, ruwan da ta sha ya isa. Babu zaman makoki, kada kowa ya ɗauko tabarma. Ranar kasuwa da safe za a ɗora gawar a keke zuwa wurin ɗan gwangwan, wanda ya ce zai karɓe ta in an haɗa masa da cajar. Mai son rakiya ya zo da wuri, kuma kada wanda ya kawo mini maganar sayen wata.

A hanya za a tsaya a ƙofar gidan Sama'ilu. An tsegunta mini yana da geron mahaifina a rumbunsa, wai daga kalar abin da ya zube a bakin iyakar gonakinmu ya tara shi shekara biyar. Bai faɗa mini ba, ni ma ba zan tambayi yadda aka yi ba. Masu rakiya su wuce gaba da gawar, kada su waiwayo. Ni zan shiga zaurensa da ƙwarya a hannu, in yi sallama, in jira.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa Sama'ilu ya manta maganar dagaci.