Ranar da Dilo Ya Tona Mani Asiri

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da dilo ya tona mani asiri a lakwal, makarantarmu ta manya, ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma abin haushin, in na waiwaya neman wanda zan zaga sai in ga ni ce. (Da hannuna nake rubuta wannan. Sai da furfura ta cika mani kai na san baƙi, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi shiru, ba shi ya koya mani ba.)

Don yaran yanzu da ba su san komai ba sai shinkafa da makaroni: dilo ƴaƴan anza ne, itacen nan na daji. Ɗaci gare shi na fitar hankali. Sai an jiƙa shi kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, sannan a dafa. Ina yarinya aka yi wata yunwa, muka ci shi safe da maraice har na manta ɗanɗanon tuwo. Sau ɗaya na tofar da shi, innarmu ta zuba mani muciya a gadon baya, ta ce in tsince shi daga ƙasa in haɗiye. Na tsince. Na haɗiye da ƙasar da hawayen. Ranar na ce a raina, in dai Allah ya kawo gero, ni da dilo har abada.

Da a raina na bar maganar da ba komai. Amma ni baki gare ni. Akwai taubashiyata Kande, tare muka tashi, tare muka tsufa, ba ta da aiki sai jiran inda zan faɗi. Ita don marmari take cin dilo, da ƙuli da albasa, tana lashe yatsu. Wata rana a gidan suna, tsakar gida cike da mata, na gan ta da kwanon abin, na ce, "Ke Kande, Allah ya fid da ke daga yunwa, yunwa ta ƙi fita daga cikinki."

Ta miƙo mani kwanon, ta ce, "Ɗanɗana, ƴar sarki."

Na ce, "Ni? Ranar da kuka ga dilo a hannuna, ku tabbata babu ko zangarniya ɗaya a rumbun Lawali."

Lawali ɗana ne, shi ke riƙe da ni, rumbu uku gare shi. Mata suka yi shewa. Na ji daɗin kaina ranar. Wawiya.

Bara waccan na yi wani zazzaɓi da ya kashe mani baki. Tuwo kamar ƙasa, fura kamar ruwan wanki, nama ma kamar ina tauna tsumma. Da na ɗan samu ƙarfi na hau kabu-kabu na tafi kasuwar Gidan Amumune sayen kanwa. Can gefen masu kuka da kuɓewa na ga wata mata daga wajen Issawane da ƙwaryar dilo, ta zuba mashi mai da ƙuli da yaji. Ƙamshin ya bugo ni. Na wuce. Na dawo. Na duba gabas, na duba yamma, babu ɗan garinmu. Na ce ta sa mani kaɗan a tafin hannu, wai wata maƙwabciyata mai ciki ce ta aiko ni.

Jama'a, harshe maci amana ne. Ɗan ɗacin nan da ke saura a ƙarshe, wanda na sha muciya a kansa, shi ya tada mani baki. Na tsaya tsakiyar kasuwa ina tauna ina jin haushi, ina jin haushi ina ƙara miƙa hannu.

Daga nan kanwa ta daina jimawa a gidanmu. Kowace kasuwa sai na tafi, wai kanwa ta ƙare. Matar Lawali har ta ce, "Inna, kanwar nan lasa kike yi?" Na ce ta kula da tukunyarta. In na dawo sai in zaga bayan rumbu in ci dilona kamar ɓera, in kurkure baki, in bi da goro.

To ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, kuma Madam Rakiya, mai koya mana karatu, ta ce kada wadda ta yi fashi, wani babban mushe, wato mai duba makarantu, zai zo daga Mayahi ya ga inda muka kai. Mai kabu-kabu ya kafe da ni cikin rairayi har sau biyu, sai a ƙofar lakwal ya sauke ni, mata suna shiga. Ga ƙullin dilo a leda a hannuna. Jakata ba wurin ɓoyo ba ce, don Kande ta saba zura hannu ciki neman goro ko sallama babu. Sai na ɗora ledar bisa kaina, na ɗaure da kallabi. Na ce kai dai ba mai taɓa shi.

Ajin yara muke ara da la'asar, mai rufin kwano da daɓen siminti, zafi kamar tanderu. Ban jima da zama ba na ji mai shina gangarowa ta bayan kunnena. Kande ta matso tana shinshina.

"Wane turare kika shafa yau? Kamar albasa."

Na ce, "Hancinki ne ya ruɓe."

Baƙo ya shigo, ya zauna gaba kusa da tablo, wato allon bango. Madam, da yake ni ce mafi tsufa kuma da ni take alfahari, ta ce, "Inna, taso ki rubuta mana sunan garinmu." Da na wuce kai tsaye da na tsira. Amma mu an hore mu, ba a wuce babban mutum a tsaye. (Ɗan cikina ne a shekaru, amma hukuma hukuma ce.) Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce, "Ranka ya daɗe, sannu da hanya."

Kallabin da mai ya riga ya jiƙa ya sulɓe. Leda ta faɗo, fas! (Ledar zamani, Allah ya isa. Ta da sai ka sa haƙori.) Dilo ya watsu bisa siminti, shina gangarawa ƙarƙashin benci, wani har cikin takalmin baƙo.

Kowa ya zuba mani ido. Da Kande ta yi dariya da na ji sauƙi, in zage ta a wuce wurin. Ba ta yi ba, muguwar. Ta kama haɓa, ta yi muryar ta'aziyya, ta ce, "Wayyo Allah. Ashe rumbun Lawali ya ƙare ba mu sani ba."

Baƙon, bawan Allah, ya duƙo ya ce a hankali, "Inna, abinci ne ya yanke a gidanku?"

Abin da ya rage mani in ce, marmari nake, ɗana. Shi ke nan. Girman kai ya hana ni. Na duƙa ina tsince dilo daga ƙasa ɗaya-ɗaya, kamar ranar muciya, sai dai wannan karon ni na doki kaina.

Washegari tun da sassafe mata suka fara sallama. Kun san yadda ake yi a garinmu in gida ya shiga wani hali: ba a tambaya, ba a zama. A zo da tiyar gero rufe da faifai, a ajiye bakin ɗaki, a ce "ga na kunu," a juya. Kafin hantsi ƙofar ɗakina ta cika da ƙorai. Ta Kande ta fi kowace girma, kuma ita ba ta juya ba sai da ta ce, "Haƙuri, duniya ce."

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Wanda ban iya ba shi ne bayan azahar, da Lawali ya dawo daga masallaci ya durƙusa gabana, ido jawur, mutum mai jikoki.

"Inna, me na yi maki?"

Na ce, "Me aka yi?"

Ya ce, "Kowa ya san rumbuna cike suke. Cewa ake na kulle su na bar uwata tana cin anza. Liman ya ja ni gefe shina mani nasiha kan haƙƙin mahaifiya. Na yi gaisuwa a bakin masallaci, rabi ne suka amsa."

Yaron da bai taɓa kai loma bakinsa ba sai ya tambaya ko na ci. Ni da bakina na jawo mashi, na kuma ƙara da shiruna.

La'asar na yi na tafi lakwal. Kafin Madam ta buɗe baki na ɗauki alli na nufi tablo. Na daɗe ina rubutu, layin ya yi ta gangarowa kamar hanyar rijiya. Na rubuta da manyan baƙaƙe: RUMBUN LAWALI CIKE YAKE. NI KE SON DILO.

Na juyo na ce, "Kande, karanta mana da ƙarfi, tunda ke ce mai baki."

Ta karanta a hankali, harafi-harafi. Ta ce idonta ba ya gani sosai, ta sake daga farko. Ta ce na baya ba su ji ba, ta sake na uku. Sannan ta sa hannu a jaka ta fito da kwano a rufe. Ashe da shirinta ta zo, ta san ni sarai. Ta miƙo mani gaban kowa.

"Ɗanɗana, ƴar sarki."

Na ci. Mata suna shewa, Madam ta juya baya kafaɗunta na rawa, ni ina tauna. Kuma abin da ya fi ƙona mani rai har yanzu, nata ya fi na matar Issawane daɗi nesa ba kusa ba.

Geron nan ni na ɗauka a kaina, gida-gida na mayar, kowace ƙofa sai na maimaita abin da na rubuta. Na tare liman a hanya na faɗa mashi shi ma, ya yi ta gyaran murya.

Abin da na koya da tsufana: harshen da ya tofar da abu yana yaro, shi zai lashe shi da furfura, don haka kada ka yanke mashi hukunci gaban mata. In kuma cika bakin ya zama dole, to ka jingina shi da abinka, ba da rumbun ɗanka ba. Yanzu a ƙofar gida nake cin dilona, mai wucewa ya wuce. Kanwa kuwa, matar Lawali ta ce wadda na tara za ta kai mu shekara uku.