Muƙamin da Ya Cinye Lambar Kwalba

Wanda bai ga Oga Hatimi yana buɗe tankin sanyi ba, bai ga mulki ba. Safar hannu har gwiwar hannu, gilashi a goshi, tururi na tashi, shi kuwa a tsakiya kamar da shi aka yi shawarar ƙirƙiro ƙanƙara.

Shi ne mai adana bayanan ɗakin binciken da ake rainon ƙwayoyin halitta na asali, irin waɗanda kan rikiɗe su zama jini ko tsoka. Ana daskarar da su a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, kuma a ido duk ɗaya suke. Abin da ke raba su 'yar takarda ce a jikin kwalba, mai ɗauke da lambar zuriya, da ranar daskarewa, da sa hannun mai ajiya.

Matsalar ita ce takardar ba ta girma, Oga kuwa kullum girma yake.

Da ya dawo daga bita ya zama Babban Jami'i. Da ya zo rubuta muƙamin a takardar, wuri ya yi kaɗan, sai ya cire ranar daskarewa.

"Rana tana wucewa," in ji shi. "Muƙami kuwa yana nan."

Da aka ba shi takardar halartar wani taro, ya ƙara "Ƙwararre". A nan lambar zuriya ta yi sallama. Ya bi tsofaffin kwalabe ma ya sabunta musu takarda, don kada su ji an ware su. Da ya ji baƙi za su zo, ya sake jera su bisa launin murfi. Gaskiya sun yi kyau.

Sai ga wata ɗaliba da ta ƙarar da ƙuruciyarta kan ƙwayoyin masu sikila. Gwaji ɗaya ya rage mata ta kammala digiri, kuma dole ta bambance na masu ciwo da na masu lafiya.

"Baba, wacce ce tawa?"

"Duba kwamfuta, 'yata. Komai na ciki."

Komai na ciki kuwa, lamba bayan lamba, tsaf. Kwalaben ne ba su san da zancen ba. Ta ɗaga wannan, Babban Jami'i. Ta ɗaga waccan, Babban Jami'i. Ta zauna a kan kujera ba tare da ta duba ko akwai kujerar ba.

Shugabar sashen ta ce sai an gwada kwalaben ɗaya bayan ɗaya, digiri kuma sai baɗi. Sannan ta ce a kafa kwamitin gano mai laifi.

Kwamitin bai ko zauna ba. Kwalba ɗaya aka ciro aka karanta, sai ga sa hannun Oga.

Oga ya gyara wuyan riga, ya dubi ɗalibar.

"Kin ga amfanin adana bayani ko? A wani wurin sai a yi wata ana nema."