Ku Zo Ku Kwashe Mabiyanku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ɗaga-Ka-Sama, gwanayen ba ƙananan 'yan kasuwa shawara, Allah Ya ƙara muku basira.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Hayatu mai kilishi na Ƙofar Taramniya, wanda ya ɗauke ku aiki wata uku da suka wuce don ku tallata masa kilishi a intanet. Ina godiya, kun yi aiki. Matata Bahijja yau kwananta tara a gidan mahaifinta, Malam Jinaidu, kuma ya ce ba za ta dawo ba sai na wargaza ɗariƙar da na kafa. Ga yadda kuka kafa min ita.

Na ɗaya. Ma'aikacinku Abdulrasheed ya zo da kwamfuta da turare mai hawa kai, ya ce kasuwata ba ta da tambari. Na nuna masa kan saniyar da ke jikin allona tun zamanin mahaifina. Ya ce ya tsufa, ya sauya shi da wani koren haske mai fitowa daga sama. Ranka ya daɗe, wane ne ya taɓa ganin koren haske ya ji yunwa?

Na biyu. Ya ce sai an yi taken talla mai shiga rai, ya rubuta min ƙaton kyalle a ƙofar shago: "Ku Bi Hayatu Ku Dace." Na tambaye shi ina kalmar kilishi, ya ce manyan kamfanoni ba sa faɗin abin da suke sayarwa. Na rataya kyallen, don ban son a ce ɗan fawa bai waye ba.

Na uku, kuma nan ne gizo ya yi saƙarsa. Kun yi alkawarin mabiya, kun cika. Na kwana da mutum sha bakwai a shafina, na wayi gari da dubu goma. Don murna na faɗa a bakin masallaci, da ƙarfi. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Malam cewa surukinsa mai yanka nama ya tara mabiya dubu goma, yana da tuta, kuma kullum da safe yana fitar musu da saƙo. Saƙon nan fa ku kuka ce in riƙa sakawa, hoton kilishi ne a faranti.

Na huɗu. Malam ya kira ni gaban almajiransa manya, ya dube ni ya ce, "Hayatu, kai da ba ka sauke Ahalari ba, mi kaka koya musu?" Na rantse ban san ko mutum ɗaya cikinsu ba. Ya ce wannan ya fi muni. Wallahi na ji kunya.

Na biyar. Na zauna na duba mabiyan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani hotonsa kyanwa ne, wata sunanta lambobi ne zalla, sauran rubutunsu ko Malam bai iya karanta shi ba. Shin a wace unguwa suke? Suna da haƙora kuwa? Cikin dubu goma babu wanda ya taɓa tambayar ko mai yaji ne ko marar yaji.

Sai mutum ɗaya tak. Malam ya sa an buɗe masa shafi don ya sa min ido, ya bi ni. Shi kaɗai ne ɗan Sakkwato a cikinsu, kuma shi kaɗai ya ga hoton ya aiko a kai masa. Kun san dai ba a karɓar kuɗin suruki.

Saboda haka ina roƙonku da girman Allah, ku zo ku kwashe mabiyanku kafin Juma'a, ku mayar min da kan saniyata, ku rubuto takarda da hatimi cewa ni ba shehi ba ne. Ina kewar matata, kuma na gaji da cin kilishi safe da rana. Amma ku yi hattara wajen kwasar, ku bar min Malam. In kuka cire shi, Bahijja sai dai in riƙa ganinta a hoto.

Naka mai biyayya, wanda ba ya son kowa ya bi shi,

Hayatu Mai Kilishi,
Ƙofar Taramniya, Sakkwato.